Kafso Ba Ya Cike Kogon Haƙori

Babu wani kafso ko ƙwaya, a kantin magani ko a asibiti, da zai warkar da haƙorin da ya yi kogo. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, wanda bayar da magani shi ne sana'arsa, ina faɗin haka ba tare da shakka ba. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ƙulla maka haɗin ƙwayoyi a leda, ya ce da kai ciwon haƙorinka zai tafi ke nan, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya sani yana cutar ka da gangan.

Abin ya fi ƙamari a tsakanin ma'aikatan masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa. Da yawansu 'yan aikin yini ne, ranar da ba su fito ba babu ko sisi. Mutum zai kwana bai runtsa ba saboda turminsa yana zogi, gari na wayewa sai ya tsaya a wani kemis a Dakata ko Kawaji, a haɗa masa amoksisilin da Flagyl da diklofenak, ya kora da shayi mai cokali huɗu na sukari, ya wuce bakin injin. Bayan kwana uku zafin ya lafa, sai ya ce maganin ya yi aiki. Bayan wata biyu ciwon ya dawo da kumburi, a sake haɗa masa wani. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga yadda ciwon yake. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale a haƙora, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori a hankali. Wani likitan haƙori ɗan Amurka, Willoughby Miller, ya bayyana wannan tun a shekarar 1890. Idan ramin ya yi zurfi sai ya isa tsakiyar haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, a nan ne zogin da ke hana barci yake farawa. Daga baya jijiyar ta mutu, zafin ya ɗauke na ɗan lokaci, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali mugunya ce take taruwa a gindin saiwar. Maganin da ka haɗiya ta cikin jini yake tafiya. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu kuwa jini ba ya shiga cikinsa, saboda haka kafso ba shi da hanyar isa maɓoyar cutar. Abin da ke warkarwa aikin hannu ne: a share ramin a cike shi, ko a cire matacciyar jijiyar a wanke gurbinta a toshe, ko a cire haƙorin gaba ɗaya.

Da a ce haɗin kemis rashin amfani kawai yake da shi, da da sauƙi. Diklofenak da ibuprofen 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda, balle ga leburan da ke zufa yini guda bai sha isasshen ruwa ba. Farasitamol kuma bai kamata babban mutum ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, amma mutane suna shansa tare da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a cikinsa, hanta ta ɗauki nauyin. Tramadol kuwa, kowa a Kano ya san inda ya kai matasanmu. Sannan ga babbar ɓarnar da ba a gani da ido: duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, ana koya wa ƙwayoyin yadda za su bijire masa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a shekarar 2019, kuma Afirka ta Yamma ce yankin da abin ya fi tsanani. Amoksisilin ɗin da aka ɓarnatar a kan kogon haƙori, shi ne za a nema ranar da yaro ya kamu da ciwon huhu.

Akwai kuma masu tura abubuwa cikin ramin: ruwan batir, fetur, ko asfirin da ake danna wa a jikin dasashi. Dukansu ƙona naman baki suke yi, kogon yana nan. Haka nan masu yawo a tasha da kasuwa suna turara wa mutane hayaƙi, su nuna musu wasu fararen abubuwa a ruwa su ce tsutsar haƙori ce ta fito. Babu tsutsa a cikin haƙori. Likitan Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da wannan camfi tun a littafinsa na 1728, mu kuma har yau muna biyan kuɗi a yaudare mu da shi.

Ciwon haƙori yana kisa. Mugunyar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa, ta kumbura wuya har ta toshe numfashi. Duk wanda kumburinsa ya sauko wuya ko ya hau wajen ido, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagare shi, ko zazzaɓi ya rufe shi, to a kai shi sashen gaggawa a daren, kada a jira safiya. A irin wannan hali ne maganin kashe ƙwayoyin cuta yake da gurbi, a hannun likita, tare da fitar da mugunyar. Mai ciwon sukari ya fi kowa buƙatar hanzari.

Iyaye mata, kada a manta da My Pikin, ruwan maganin fitowar haƙori da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Nijeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Fitowar haƙori ba ta buƙatar wani ruwan magani, kuma zawo ko zazzaɓi mai zafi a jikin jariri ba aikin haƙori ba ne, ciwo ne da ke son a duba shi. Kada a bai wa yaron da bai kai shekara takwas ba tetirasaikilin, domin yana rina haƙora har abada. Idan kuma yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda ya fara gyambo a dasashi da warin baki da kumburin kunci, a garzaya da shi asibiti. Haka cutar noma take farawa, wadda ke cinye fuska cikin 'yan kwanaki, wadda saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

Za a ce da ni asibiti akwai tsada da dogon layi, talaka kuma ba shi da ranar hutu. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan uzuri. Amma a lissafa kuɗin haɗi sau biyar, da ranakun da aka rasa a kwance, da kuɗin gado ranar da wuya ya kumbura, za a ga araha ba ta ado. Ƙaramin rami ciko kawai yake buƙata. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Tsoron cewa cire haƙorin sama yana makantarwa ba shi da tushe, kuma mai juna biyu ma ana duba haƙorinta, ta dai sanar da likita halin da take ciki.

Laifin ba na majinyaci ba ne shi kaɗai. Lasisin mai ƙaramin kantin magani bai ba shi ikon sayar da amoksisilin ba tare da takardar likita ba, kuma aikin Hukumar Masu Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ne ta tabbatar da hakan a lunguna, kamar yadda ita da NAFDAC suka yi a kasuwar Sabon Gari a 2024. Masu masana'antu kuma, bai wa ma'aikaci rabin yini ya ga likita ba tare da an yanke masa lada ba ya fi musu riba a kan ya yi mako guda a kwance.

A gida, a goge haƙora sau biyu a yini, minti biyu-biyu, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci, a tofar kada a kurkure. Asuwaki sunna ce kuma yana share datti, a haɗa shi da man. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, kwalbar lemo babba guda tana iya cinye wannan kason. Idan zogi ya taso cikin dare, a sha farasitamol bisa ƙa'ida, a kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, da safe a nufi wurin likitan haƙori ko da zafin ya lafa.