Masana Kimiyya a Teburin Mai Shayi



Zaman hira tsakanin masana kimiyya da jama'a ya samu salonsa na zamani a birnin Leeds na Ingila a 1998: masani ya yi gajeren bayani, mutane su yi masa tambayoyi. Kano tana da wuraren irin wannan zama tuntuni, wato majalisun Fagge da teburan masu shayi na Sabon Gari.

Buƙatar a fili take. Gwajin maganin Trovan kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma rashin yarda ya kai ga dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Ya kamata malaman Jami'ar Bayero su riƙa zama kan benci bayan Isha'i, ɗan kasuwar Kwari ya tambayi abin da ake ɗiga wa ɗansa, a amsa masa da Hausa.