Wasan Gundam a waya: A kai yaron Kura mai son ƙarfe gaban injin gaske

A Kura da Bunkure da Garun Malam, inda noman rani ke riƙe da gidaje da yawa, iyaye sun daɗe suna kokawa kan yadda wayar hannu ke cinye lokacin samari. Yawancin abin da ake bugawa a shagon cajin waya ko gidan gem ƙwallon ƙafa ne da harbe-harbe. Sai dai akwai wani nau'in wasa mai nasa masoya, ko da ba su kai na ƙwallo yawa ba, wato faɗan manya-manyan mutum-mutumin ƙarfe, wanda Gundam na ƙasar Japan ya fi suna a cikinsa.

Hukuncin da akasarin magidanta ke yanke wa irin wannan wasa shi ne shiririta, kuma suna da hujja. Amma yaron da zai kwashe awa biyu yana nazarin nauyin inji da ƙarfinsa da saurin ɗaukar zafinsa, yana nuna irin sha'awar da yankin noman rani ke nema ruwa a jallo. Ƙwace wayar ba zai kashe sha'awar ba, ƙyale shi da ita kuma ba zai mayar da ita sana'a ba. Abin da ya dace shi ne a kai shi gaban injin gaske.

Mene ne Gundam?

Asalinsa fim ɗin katun ne mai dogon zango, Mobile Suit Gundam, wanda Yoshiyuki Tomino ya ba da umarni a kamfanin Sunrise, aka fara haska shi a talabijin ɗin Japan a 1979, ya kuma tsaya a kashi na 43. Labari ne na wani yaro ɗan shekara 15, Amuro Ray, da yaƙi ya rutsa da shi, ya tsinci kansa a cikin mutum-mutumin yaƙi mai tsawon mita 18.

Waɗanda suka taso a shekarun 1980 da 1990 za su tuna da Voltron, zakunan ƙarfe biyar da ke haɗuwa su zama ƙato guda, wanda shi ma tushensa Japan ne. Inda Gundam ya sha bamban da irin waɗannan shi ne ya ɗauki mutum-mutumin a matsayin inji kawai. Makaminsa na ƙarewa, yana lalacewa, sai makanikai sun duƙufa gyara kafin ya sake fita. Shi kansa Amuro sai da ya buɗe littafin bayanin injin kafin ya iya tayar da shi.

A 1980 kamfanin Bandai ya fara sayar da ƙananan samfuran roba da ake harhaɗawa da hannu, daga baya wasannin bidiyo suka biyo. Wanda ya fi shahara a fagen faɗa shi ne jerin Gundam Versus, da ya fara a gidajen gem na Japan a 2001. Wanda aka fitar a PlayStation 4 a 2020, mai suna Maxi Boost ON, yana da injuna sama da 180.

Biyu da biyu ake karawa. Kowane ɓangare na da maki 6,000, kowane inji kuma da farashinsa. Mafi ƙarfi yana cin 3,000, don haka idan aka kayar da shi sau biyu, wasa ya ƙare. Akwai kuma ma'aunin tashi sama, wanda idan ɗan wasa ya ƙarar da shi ta hanyar ganganci, injin zai sauko ya ɗan sandare, abokin gaba ya samu yadda yake so. Wanda ya iya lissafi, ya san iyakar injinsa, ya kuma kula da abokin tafiyarsa, shi ke cin wasa. Mai gaggawa da wuri yake faɗuwa.

Inda iyaye ke da gaskiya

Na farko lokaci. Noman rani ba ya jira. Ranar da ruwa ya zo layin gonar mutum, ko tumatir ya nuna ana sauri a kai Kwanar Gafan kafin ya ruɓe, yaron da ya raba dare yana danna waya asara ce ga gidansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan bidiyo a jerin cututtuka, a kundin da ya fara aiki a 2022.

Na biyu kuɗi, kuma nan ne haɗarin ya fi girma. Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, amma a ciki akwai akwatin sa'a. Mutum zai biya kuɗi a juya masa, ko ya dace da inji mai ƙarfi ko ya tashi da tarkace. Wasan SD Gundam G Generation Eternal da ya fito a waya a Afrilun 2025 yana da wannan tsari. Iyayen da suka ji ƙanshin caca a nan ba su yi kuskure ba. Japan da kanta ta hana wani nau'in wannan tsari a 2012, Beljiyam kuma ta ayyana akwatin sa'a na kuɗi a matsayin caca a 2018.

Abin da aka saya ɗin ma ba mallakar mai saye ba ne. Gundam Evolution ya fito a Satumban 2022, kamfanin ya rufe shi a Nuwamban 2023, duk abin da 'yan wasa suka tara a ciki ya tafi tare da shi. Matashin da ya zuba kuɗin kwandon tumatir a irin wannan ya yi cinikin biri a sama.

Na uku, danna waya ba ya koya wa kowa kwance kafireto. Duk wanda ya ce wasan kaɗai zai fitar da injiniya, yaudara ce. Abin da wasan ke yi shi ne nuna inda zuciyar yaro ta karkata. Sauran aikin na manya ne.

Abin da Japan ta yi da wannan sha'awa

A lardin Gunma na Japan akwai kamfanin Sakakibara Kikai, mai ƙera injunan da suka shafi noma da kiwo. Wani injiniyansa, Masaaki Nagumo, wanda ya taso yana kallon Gundam, ya ƙera mutum-mutumi mai tsawon kusan mita 8 da rabi da mutum ke shiga ya tuƙa, aka sa masa suna Mononofu. Tsawonsa ya kai ga ba ya iya fita ta ƙofar masana'antar sai an kwance shi. Abin dariya ne, amma hannun da ya ƙera shi a kan injunan aikin yau da kullum ya goge.

A 2024 kamfanin jirgin ƙasa na JR West ya fara aiki da wani inji mai kai da hannaye biyu da aka ɗora kan mota, yana sare rassan itatuwa da fenti a gefen layin dogo, har tsayin mita 12. Mai sarrafa shi yana zaune a ƙasa, sanye da tabarau mai nuna masa abin da injin ke gani. A ƙasar da ma'aikata ke tsufa, mafarkin yara ya zama kayan aiki.

Injin da ke jira a gida

Kano ba ta buƙatar ƙato mai mita 18. Madatsar ruwan Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kusan hekta 22,000 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara magudanai da ƙofofin ruwa. Amma ruwa kaɗai ba ya noma.

A ko'ina cikin yankin inji ne ke aiki: tarakta, ƙaramin injin huɗa, injin girbin shinkafa, na sussuka, injin ban-ruwa, ga kuma injunan casa da suka yi wa Kura suna. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manoma da dama suka koma famfon sola ko suka juya injinsu zuwa gas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mai tuƙi da mai gyara. Kowane manomi ya san zafin inji ya tsaya ana tsaka da girbi, a shiga jiran bakanike ko a tafi birni neman kayan gyara, tsuntsaye na cin shinkafa.

Wannan giɓin shi ne gurbin yaron da ke son ƙarfe. Tambayoyin da yake yi a wasa, wane inji ya fi dacewa da wane fili, nawa yake ci, yaushe zai ɗauki zafi, su ne tambayoyin mai hayar injin girbi.

Abin yi

Uba ko wa ya zauna da yaro ya tambaye shi yadda wasan yake. A yanke masa lokaci, a hana shi saka ko kwabo a akwatin sa'a, sannan a haɗa shi da bakaniken injin ban-ruwa ko mai injin casa ya riƙa zuwa bayan makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da masu bayar da hayar inji su ɗauki almajiran sana'a a kowace kaka, har da 'yan mata, tunda turara shinkafa a Kura mata ne ke riƙe da ita, kuma su ma injuna sun shigo musu.

Wuraren koyo ba su da nisa. Akwai tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, da kwalejin fasaha ta Bagauda, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil. Ƙungiyar Sasakawa, wadda tushenta Japan ne, tana aiki da manoman Kano tun shekarun 1990. Gajeren horo na tuƙi da gyaran injunan noma a lokacin hutu, da gasar harhaɗa ƙananan injuna tsakanin makarantun sakandaren Kura da Bunkure da Garun Malam, ba su fi ƙarfin ƙananan hukumomin uku ba.

Idan ba a yi haka ba, kamfanin da ke Tokyo zai ci gaba da cin ribar sha'awar yaron, manomin Kura kuma ya ci gaba da jiran bakanike daga birni.