Hoton Titi A Ƙauran Namoda, Shinkafi Da Zurmi: A Riƙa Duba Gefen Hoto Kafin A Danna

Duk lokacin da matashi ya ɗora hoton kasuwa ko tashar mota a Facebook, martanin kusan iri ɗaya ne: "Masha Allah", "Wace waya ce wannan?", "Kai, kyamarar nan ta haɗu". Da wuya a samu mai tambayar dalilin da ya sa turken lantarki ya tsiro daga kan mai sayar da rake, ko me ya sa aka yanke ƙafafun ɗan kabu-kabu. Yabon ya tafi ga Tecno da Infinix, mai hoton kuma bai ƙaru da komai ba.

Megafiksel 50 ko 108 tsabta kawai suke ƙara wa hoto. Abin da zai shiga ciki da abin da za a bari a waje, mai riƙe da wayar ne ke yanke hukunci. A arewacin Zamfara, wannan hukunci ya shafi kyan hoto, ya kuma shafi rayukan mutane.

A fara da kyan. Ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a 1929. Wanda ya tsaya ƙiƙam da tsakar rana ya sa ginin a tsakiya, shaidar zuwa kawai ya samu. Da zai durƙusa da la'asar, ƙarfen dogon ya ja ido daga ƙasan hoton zuwa nesa, sannan ya jira ɗan ga-ruwa ya gifta, da hoton ya ba da labari. Haka Bafaranshe Henri Cartier-Bresson ya yi a bayan wata tashar jirgin ƙasa a Paris a 1932: ya kama wani mutum yana tsallake ruwa, ƙafarsa ba ta kai ga taɓa shi ba. Har yau ana koyarwa da hoton. Galibin wayoyi suna da layukan da ke raba allo gida tara a saitin kyamara. Kunna su na taimaka wa mutum ya daina karkata hoto, ya kuma daina cusa komai a tsakiya.

A kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, matsalar cunkoso ce. Mai son kwashe buhuna da shanu da babura a hoto ɗaya zai tashi da hoton da ido bai san inda zai sauka ba. Gara ya zaɓi abu guda, kamar hannun mai awo yana cika tiya da gero, ya matsa kusa da ƙafarsa. Zuƙowa da yatsu a yawancin wayoyi yanke hoton kawai take yi, ingancinsa ya ragu. Shi ma tsarin da ke dusashe bayan mutum yana shafe titin, alhali titin ne dalilin hoton.

Sai dai bayan hoton nan shi ne inda haɗari yake. Dillalin shanu yana ƙirga kuɗi a gefe, lambar motar ɗan kasuwa, ƙofar gidan da kowa ya sani, shingen jami'an tsaro a hanyar Zurmi: duk suna iya faɗawa hoto ba da niyya ba. A yankin da masu garkuwa da mutane ke dogaro da masu kai musu rahoto, irin wannan hoton bayani ne kyauta. Jama'a ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako saboda tsaro. Don haka a duba kusurwoyi huɗu kafin a danna, a kashe lokeshan na kyamara, a nemi izini kafin ɗaukar fuska, musamman ta mata da yara. Hoton hannu, ko inuwa, ko na mutum ta baya, sau da yawa ya fi kyau, kuma ba ya tona asirin kowa.

Wasu za su ce tunda haka ne gara a mayar da waya aljihu. Suna da hujja, amma akwai asara a ciki. Wanda ya nemi sunan Zurmi ko Shinkafi a intanet, hotunan jana'iza da ƙonannun gidaje zai fi gani. Duniya ta san nishaɗin matasan Bamako na shekarun 1960 ne saboda Malick Sidibé ya ɗauke su da kulawa. Mai shayi da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura su ma sun cancanci a adana rayuwarsu haka.

Abokin da ya ga hoto ya ce "me ya sa ka bar wancan mutumin a gefe?" ya fi mai tura alamar wuta amfani. Tambayar na iya gyara hoto na gaba, tana kuma iya kare mutumin da bai san an ɗauke shi ba.