Jinjina ga Sababbin Dillalan Waya, Amma da Sauran Aiki

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ko Katsina ko Zariya ya san dillaliya. Ita ce take ɗauko ƙullin atamfa da kwanuka da sarƙa daga wannan gida ta kai wancan, ta kwance a tsakar gida, a taya, ta koma wa mai kaya da amsa, in ciniki ya faɗa ta karɓi la'adarta. Matan da ba sa fita kasuwa da ita suka dogara, ita da 'yan talla. Yau ƙullin nan ya koma cikin waya, kuma yaranmu ne suka ɗauke shi, samari da 'yan mata da matan aure da suka koyi tallata hajar mutane a intanet. Su nake yi wa jinjina.

Na ga yadda da yawansu suka fara. Babu wanda ya ba su jari. Waya ɗaya ce, wani lokaci ma fuskarta a tsage, sai datar dare da ake saye don ta fi araha. Da ita suke kwana kallon darussa a YouTube cikin Turanci, gari ya waye su nufi Kantin Kwari su tsaya gaban mai shago suna lallashi: "Alhaji, a ba ni dama in ɗauki hoton shaddar nan, in ba a saya ba ba ka yi asarar komai ba." Alhaji kuwa shekara talatin yana ciniki ido da ido, a taɓa yadi, a ja shi, a ɗaga shi a rana. Shawo kansa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sun yi.

Lokuta biyu ne suka fitar da su kunya. Na farko shi ne kullen korona na 2020, da aka rufe Kano a watan Afrilu, kasuwanni suka koma ci a ranakun da gwamnati ta ware. Mai turaren wuta da mai dambun nama da suka riga suka saba da WhatsApp ba su daina ciniki ba. Na biyu shi ne ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da har mai shayi ya buɗe asusun OPay ko Moniepoint. Daga nan tura kuɗi ta waya ya daina zama abin tsoro, rabin wahalar mai tallan intanet ta kau.

Kuma sana'a ce ta gaske, mai ƙa'idojinta. Sun san hasken safiya ne yake fitar da ainihin launin leshi. Sun san bayan sallar isha'i ne mata suke samun sukunin duba waya, sun san tallan ɗinkin sallah tun kafin azumi ake soma shi. Wasu sun iya biyan Facebook ya nuna talla ga mutanen gari kaza masu shekaru kaza, maimakon a watsa kuɗi a iska. In an saya, su kai kaya tasha, su tura wa mai saye lambar direba, su zauna da waya a hannu har a ce musu kaya sun iso Fatakwal ko Legas ko Maraɗi. Na san gidajen da wannan aiki ne yake biyan kuɗin makarantar ƙanne. Sannunku, Allah ya yi albarka.

To amma dillanci a wurinmu bai taɓa tsayawa a haɗa mai saye da mai sayarwa ba. Tun zamanin da fatake suke sauke kaya a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a mulkin Sarki Muhammadu Rumfa, baƙo yana sauka ne a gidan fatoma, shi kuma ya tsaya masa. In an ba da bashi, sunansa ne jingina. In kaya sun fito da aibi, shi ake nema. Wannan ɓangaren ne nake ganin wasu 'yan zamani sun bari a baya.

Ni kaina na taɓa sayen shadda ta waya saboda hoton da na gani. Abin da direba ya miƙo mini daban ne, launi ya kauce, ƙyallin babu. Da na kira yaron da ya yi tallan sai ya ce, "Baba, ni talla kawai aka ba ni." Wannan magana ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, domin saboda shi na saya, mai shagon ban san shi ba. Malamanmu na zaure sun karantar a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma gyara hoto har ya daina kama da kayan ɓoye aibi ne. Abin ya fi muni in an zo kan man bilicin da kayan mata da magungunan ƙiba ko rama da ba su da lambar NAFDAC. Nan lafiyar mutum ce a hannunka. Dokar talla ta 2022, wadda ta kafa hukumar ARCON, ta haɗa har da tallan intanet. Haka ma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta shafi mai tara lambobin mutane yana sayarwa, ko yana cusa su a zaurukan talla ba da yardarsu ba.

Sai kuma batun filin aro. Duk shagon da ke kan Instagram ko TikTok a filin wani aka gina shi. A Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Mai tallan da ya san aikinsa zai sa mai shago ya riƙe littafin abokan cinikinsa, da suna da lamba da abin da suka saya, bisa yardarsu, ya kuma yi wa kasuwancin rajista a hukumar CAC. Ya daina nuna masa yawan mabiya, musamman na saye, ya nuna masa turmi nawa aka sayar a wata.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne ku koyar, kuma da Hausa. Kun sha wuyar koyo da harshen da ba naku ba, bai kamata ƙannenku su maimaita ta ba. Sannan ku leƙa wajen waɗanda har yanzu talla bai kai gare su ba: marina a Ƙofar Mata, dukawa masu jaka da takalmi, maƙeran azurfa na Agadas, mata masu saƙar faifai da tabarma a ƙauye, waɗanda ɗan sari yake saye a hannunsu da araha ya ninka a birni. Ku je da wayoyinku ranar kasuwar garinsu, ku ɗauki hoton kayan kamar yadda suke, ku faɗa musu la'adarku tun kafin a yi ciniki.