Auduga Ce Ko Roba? A Tambayi Hasken da Ido Ba Ya Gani

A makarantunmu na sakandare ana koya wa ɗalibai rukunonin ƙwayoyin zarra da ke ba kowane sinadari halinsa, irin su O-H da C=O da N-H, amma koyarwar ba ta wuce zane a allo da hadda saboda jarrabawa. A ganina asara ce wannan, domin akwai hanyar da ɗalibi zai ga shaidarsu da idonsa.

A 1800 William Herschel ya gano wani haske a bayan jan launi na bakan gizo, wanda ido ba ya gani, sai dai jiki ya ji ɗuminsa. Shi ake kira infirared. Mahaɗin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra kullum cikin karkarwa yake, kamar tsirkiyar gurmi, kowanne da irin tasa. In aka haska abu da infirared, sai kowane mahaɗi ya shanye ɓangaren da ya dace da karkarwarsa, na'ura kuma ta zana layi mai ramuka a kan ma'aunin da ya tashi daga 4000 zuwa 400.

Mu ɗauki audugar Funtuwa da Malumfashi. Zarenta selulos ne, cike da O-H, saboda haka zanenta yana da faffaɗan rami wajen 3300. Yadin roba na foliyesta kuwa siririn rami mai zurfi yake bayarwa wajen 1720, alamar C=O, wanda auduga ba ta da shi. Komai daɗin bakin mai shago, ramin nan zai tona asirin atamfar da aka gauraya. Haka man gyaɗa: yana da C=O wajen 1745, kananzir babu. Takin yuriya kuma N-H ɗinsa na fitowa sama da 3300.

Hanyar tana da iyaka. Man gyaɗa da man angurya rukunoninsu kusan ɗaya ne, rarrabe su sai da lissafin kwamfuta.

Za a ce na'urar tana da tsada, sai a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Gaskiya ne. To amma karanta zanen muke so ɗalibi ya iya, zanukan kuwa suna nan kyauta a intanet. Malamin kimiyya ya buga huɗu a takarda, ya shiga aji da ƙullin auduga, ƙyallen roba, man gyaɗa da kananzir, ya ɓoye sunayen, ya bar ɗalibai su haɗa kowane zane da mai shi.