Wa Ke Da Kamfanin? Darasin Bakolori

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya ji labarin Bakolori daga bakin iyayensa. Kamfanin da ya gina madatsar, Impresit Bakolori, na haɗin gwiwa ne: kashi 60 na hannun jari na gwamnatin tarayya, kashi 40 na wani reshen Fiat na Italiya. Wato hukumar da ya kamata ta tsaya wa manomi, ita ce babbar mai jari. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu, sai aka turo musu 'yan sanda a watan Afrilun 1980, aka zubar da jinin bayin Allah.

Yau ma majalisar Zamfara ba ta da ikon yin dokar kamfanoni ko ta ma'adinai. Tsarin mulki ya damƙa su ga tarayya. Amma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana wa hukumar CAC duk mai riƙe da kashi 5 zuwa sama. A Disamban 2024 kuma aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa jihar tun 2019.

Don haka nauyi yana kan 'yan'uwa matasa masu karatu. Kafin dattijo ya dangwala yatsa a takardar gonarsa, a nemi lambar rajistar kamfanin, a binciko masu shi, a karanta wa jama'a sunayensu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.