Abu Na'ama: Inda kuɗin waya ke zurarewa

Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, waya ta zama aljihun Hausawan Abu Na'ama da ke jihar Sennar, domin ta manhajar Bankak 'yan'uwa ke turo kuɗin cefane. Da layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024, ciniki ya tsaya a sassan ƙasar da dama.

Sai dai mutane da yawa na sayen data ba su san sharuɗɗanta ba. Data tana da wa'adi, kuma idan ta ƙare, intanet kan koma cin ragowar kati da tsada. Kafin ka saya, duba ranar ƙarewarta, da ko tana sabunta kanta. Kuɗin da ke zurarewa a nan, na dawar gida ne.